Hatimin Kamfani a Haƙorin Fiddausi

Sallama gare ku masu bin labarina, har da ku da kuka cika waya da zagi a makon jiya. An karanta min duka, ko ɗaya ban bari an tsallake ba. Wata ta rubuto wai ni mugun uba ne. Yarinya, lokacin da nake tsaye cikin ramin jima a Challawa, ruwan kemikal ya kawo min ƙugu, uwarki ma ba a yaye ta ba. Ki bari in gama tukuna.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Ɗahiru, ina zaune a Ja'en, bayan kamfanonin Sharada. Shekara talatin da ɗaya na yi a kamfanin fata. Ranar da iskar rami ta kashe mutum huɗu, mu biyar muka shiga, ni kaɗai na fito da ƙafata, washegari kuma na koma aiki. Ban yi boko ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Samson, mutumin Kafanchan, wanda ya yi shekaru yana rubuta sunayenmu a bakin get, shi nake faɗa wa yana buga muku. In kun ga kuskure, nasa ne.

Yau zancen autata ne Fiddausi, da saurayinta Abdulwahid, da wasu haƙora biyu da suka so su zubar min da mutunci.

Fiddausi shekararta ashirin da shida. Doguwa ce, baƙa mai sheƙi. Ni ta ɗebo, don uwarta Jummai ko a ƙuruciya ba a taɓa waiwayowa a sake kallonta ba. Shekara shida ke nan tana aiki a wani kamfanin buhu a nan Sharada, sashen ɗinki. To ga abin da ku 'yan ofis ba ku sani ba. A wurin nan da yawan buhun da mace ta ɗinka ake biyanta. Akwai almakashi a jikin kowane keke, an ɗaure shi da igiya, amma ba mai taɓa shi. Kafin ki ɗauka ki yanke ki ajiye, ta gefenki ta wuce ki da buhu biyu. Don haka da haƙori suke yanke zare: a naɗe a yatsa, a kai baki, a fizge. Tun safe har yamma. Zaren roba ne, ba shi da tausayi. A hankali yake cin bakin haƙoran gaba na sama har ya yi musu tsagi, kamar kunnen akuyar da aka yi wa shaida. Matan suna ce masa hatimin kamfani. Daga Sharada har Dakata, duk macen da ta yi dariya ka hangi wannan tsagin, ba sai ka tambayi sana'arta ba.

Na Fiddausi ya yi zurfi, don ba ta da ƙiwuya. Nan ma ni ta biyo.

A kamfanin buhun Abdulwahid ya gan ta. A wani injin casar shinkafa yake aiki a Bompai, shi ake turowa karɓar buhuna. Ɗan Hotoro ne, gidan malamai da manyan ma'aikatan gwamnati. Farar shadda, hula zanna, agogon azurfa, 'yar mota ruwan toka da yake ajiyewa a bakin lungunmu saboda kwata ba ta barin ta shigo. In ya zo zance sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ajiye min farin goro. Ba laifi, ya san manya.

Da magana ta yi ƙarfi, baffansa Malam Nazir ya zo gaisuwa shi da mutum biyu, da kayan gaisuwarsu a leda. Na shimfiɗa musu tabarma a soro. Suka zauna suna ƙamshin turare, ɗayansu yana ta ɗaga kai yana kallon inda rufin ya yi tsatsa. Na gan shi sarai. Bayan an yi addu'a, Malam Nazir ya ce, "Malam Ɗahiru, yarinyar tamu karatu take yi, ko tana da wata sana'a?"

Na gyara zama. Na ce, "Malam, a gidana mace ba ta fita. 'Yata ko hanyar kasuwar Sharada ba ta sani ba. Daga Islamiyya sai ɗakin uwarta. Ni nake ciyar da gidana da ƙarfina, har yau ban taɓa cin kwabon 'ya mace ba."

Suka ce masha Allah. Mai kallon rufi ya sauke kai.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce tun da aka sallame mu daga kamfani ita ke cefane. To wa ya haife ta? In ka shuka mangwaro ya yi 'ya'ya ka ci, sai a ce mangwaro ke ciyar da kai? Ni ban ga ƙarya a nan ba. Shi kuma yaron ashe bai faɗa wa danginsa inda ya samo ta ba, wai yana jiran lokacin da ya dace. Sai maganata ta zauna daram.

Kafin su tashi suka ce nan da mako uku mata za su zo ganin yarinya, gwaggonsa Hajiya Atika ce za ta jagorance su. Ita ta rene shi bayan rasuwar uwarsa. In ta ce e, an gama. In ta ce a'a, ko alƙali ba ya tayar da maganar.

Suna fita Jummai ta leƙo, hannunta duk garin tuwo. "Malam, na ji abin da kuka faɗa. To bakinta fa?"

"Bakinta me?"

"Hajiya Atikan nan an ce dillaliyar hatsi ce a Dawanau, shekara ashirin tana hulɗa da masu buhu. Kallo ɗaya za ta yi mata."

Ban so a ce Jummai ta riga ni tunani ba, don haka na ce da ita ai tun suna zaune na gama lissafin wannan.

Da yamma Fiddausi ta dawo, hijabinta duk farin ƙurar roba. Na kira ta tsakar gida na ce ta buɗe baki. Ta buɗe. Na kama haɓarta na juya ta wajen haske. Wallahi kamar ɓera ya gwaguyi sabulu.

Na ce, "Gobe za mu wajen likitan haƙori a toshe wannan abin kunya."

Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, ai Abdulwahid ya san aikina. A kan keke ya fara ganina. Ya ce shi ba ruwansa."

"Shi za ki aura ko gwaggonsa za ta aurar da ke?"

"To in an faɗa musu gaskiya fa? Ya ce zai je ya yi wa Baffa bayani da kansa."

"Ya je ya ce surukinsa maƙaryaci ne? Ki gaya masa in ya buɗe baki, kada ya sake taka lungun nan. Ke kuma kin zauna shekara shida kina cin zare kamar akuya, yanzu za ki koya min gaskiya?"

Ta sunkuyar da kai. Ta san ni.

Asibitin a Nassarawa yake, saman bene, sanyi kamar cikin firij. Jikin bango duk hotunan mutane ne suna washe baki ba dalili. Likitar mace ce, 'yar Filato, Dakta Rifkatu, gajera mai tabarau. Ta kwantar da Fiddausi a wata kujera mai tashi da sauka, ta leƙa da ɗan madubi, ta ce, "Ɗinkin buhu?"

Kun ji ko. Ko minti ba a yi ba.

Ta ce, "Ke ce ta tara da na gani bana. Baba, ga yadda abin yake. Haƙoranta a jere suke, ba ta bukatar waya. Hanya biyu ce. Ko in yi mata ciko mai kalar haƙori, in gina inda ya cinye, in busar da shi da fitila, a zama ɗaya an gama. Ko kuma a ɗan kankare gaban haƙoran a liƙa musu wani siririn ɓawo kamar farce. Wannan ya fi ƙarko, amma sai an auna an aika an ƙero, kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba."

Na ce, "A yi mai sauri. Kuma a sa su yi fari fat, irin na waccan ta jikin bango."

"Haƙoranta ba su da datti, Baba. Kalarsu ke nan. In an sa maganin haske za ta sha tsami na kwana biyu ko uku, musamman da bakinsu ya riga ya cinye. Kuma sai an jira mako biyu kafin a yi cikon, in ba haka ba ba zai kama ba."

"Tsami? Ni da aka cire min haƙori da filaya a bayan kamfani, na kurkure da ruwan gishiri na koma rami? A sa mata."

Ta dubi Fiddausi. "Ke kina so?"

Na ce, "Ni na kawo ta."

"Na sani, Baba. Ita nake tambaya, bakinta ne."

Fiddausi ta kalle ni, ta kalli silin. Ta ce, "A yi yadda Baba ya ce."

Da za mu fito likitar ta ce wai ni ma in zauna ta duba ni, kyauta. Na washe mata haƙorana bakwai ɗin da suka rage, jajaye da goro. Na ce, "'Yata, waɗannan sun ci ganda tun kafin a gina benen nan, kuma su za su raka ni kabari. Ki ji da masu cin zare."

Tsamin kuwa ta sha shi. Kwana uku ruwan randa ma ba ta iya sha sai an ɗumama. In iska ta shiga bakinta sai ka ga ta dafe kunci hawaye na zuba. Rana ta biyu Jummai ta dama fura da ƙanƙara, na zauna a gabanta na shanye kwanon, ina tauna ƙanƙarar ƙaras-ƙaras. Ba mugunta ba ce. So nake ta ga yadda namiji yake.

Bayan mako biyu aka yi cikon. Ina zaune ina kallo. Likitar ta shafa wani abu kamar ƙullu, ta daddanna, ta haska wata 'yar fitila mai shuɗin haske, ta goge, ta sake gogewa. Da ta miƙa wa Fiddausi madubi sai yarinyar ta ƙura wa haƙoran ido. Ta taɓa da harshe. Ta yi murmushi, ta rufe, ta sake yi. Rabon da in ga ta yi dariya ba ta kare baki da hijabi ba har na manta. Gaskiya aikin ya yi kyau, ko ni da na san wurin sai da na nema na rasa.

Likitar ta riƙe hannunta ta ce, "Ki saurare ni. Wannan ba haƙori ba ne, ado ne. Ba ƙashi, ba rake, ba buɗe kwalba. Zare kuwa ko a mafarki. Ki koma almakashi."

Ta koma almakashi. Buhunanta suka ragu, miya ta fara tsinkewa a gidan. Na yi mata magana a kan haka, don gyaran haƙori ba hujjar lalaci ba ce.

Da daddare bayan isha'i nakan ji ta a ɗaki tana sauraron saƙonsa na murya. Bangonmu ba ya riƙe sirri. "Fiddo, na ga hoton. Kin yi kyau, amma wallahi har na yi kewar na da. Ki daure, saura kwana biyar. In an wuce wannan zan san yadda zan lallaɓa Baba." Wai ya lallaɓa ni. Kamar jariri.

Ranar Asabar aka sa. Tun Juma'a na sa aka juya gidan. Aka aro kafet ja daga gidan liman, da kujerun roba huɗu, da wata kujerar katako mai hannu daga wajen maƙwabci, don Hajiya. Katin aikinta da takunkumin hanci da takalmin kamfani na sa a leda na kai wa Samson ajiya. Tafin hannunta ya yi kanta, na ce a dambara mata jan lalle har wuyan hannu. Ta sa atamfa kore mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, da mayafi ruwan madara, da 'yan kunnen uwarta na aure. Aka turara ɗakin har sai da idona ya yi ruwa. Jummai ta yi waina da miyan taushe, da zoɓo mai abarba.

Na ce da Fiddausi, "In an tambaye ki, Islamiyya. In an sake tambaya, Islamiyya. Ki yi murmushi sosai, ba don a ɓoye aka gyara ba."

Bayan la'asar suka iso, su uku. Taron mata ne, ba ni da wurin zama, amma tagar ɗakin Jummai tana kallon bayan soro, kuma labulen yana da ɓula. Nan na tsaya. Gidana ne.

Hajiya Atika katafariyar mace ce, fara, da haƙorin Makka ɗaya. Leshi ruwan goro ta sa, da wani mayafi mai nauyi da aka jera wa duwatsu masu walƙiya tun daga sama har ƙasa. Ta zauna a kujerar katakon, kujerar ta yi ƙara. Fiddausi ta shigo da tire, ta durƙusa ta gaishe su.

"Taso nan kusa, 'yata. Kai, masha Allah. Abdulwahid ya iya zaɓe. Ɗago mana mu gani."

Ta ɗago ta yi murmushi. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Tubarkalla, ji haƙora kamar ƙanƙara."

A bayan taga na daki ƙirjina. Aikina ke nan.

Aka ci waina, aka sha zoɓo. Hajiya ta tambaye ta izu nawa ta kai, ta faɗa. Ta sa ta karanta, ta karanta, muryarta ba ta yi rawa ba. Har an fara zancen wata nawa za a sa. Jummai sai washe baki take kamar ita ake nema.

Da suka tashi tafiya, Hajiya ta yunƙura, sai mayafin ya maƙale a wata ƙusa a hannun kujerar aron nan. Zare ya zaro, dogo, duwatsu suka fara zubowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

"Wayyo mayafina! Ku kawo reza, kada ya ƙarasa warwarewa!"

Jummai ta fita da gudu neman reza. Duwatsu na ta zuba. Ita kuwa 'yar tawa tana durƙushe a gefen kujerar. Ina kallo hannunta ya tafi da kansa. Ta ƙulle zaren daga tushe, ta naɗe ragowar a yatsa, ta kai baki, ta fizge. Kafin in buɗe baki an gama. Zaren duwatsu kuwa na roba ne, ɗan'uwan na buhu.

Sai muka ji ƙas. Wani ɗan farin abu ya faɗa cikin tire, ya yi tsalle, ya tsaya a gefen kofin zoɓo.

Fiddausi ta kai hannu baki. Hajiya ta dubi tiren, ta dubi ƙullin da aka yi wa mayafinta, ta juya shi a hannu. Sannan ta kama hannun yarinyar a hankali ta sauke shi daga bakin. Haƙori ɗaya fari sumul, ɗayan kuwa ga tsagi nan ya dawo, har ya fi da.

"Shekara nawa kika yi a ɗinkin buhu, 'yata?"

Da ta ce Islamiyya, da wataƙila an rufa. Sai ta ce, "Shida, Hajiya."

"Har yanzu kina zuwa?"

"E."

"An ce mana ba kya fita."

Jummai ta shigo da reza a hannu ta tsaya kamar gunki. Hajiya ta shafa tafin hannun Fiddausi, ta kan lallen, ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "To. Allah ya yi albarka." Suka fita. A soro ta gan ni, ta ce, "Malam, mun gode da karamci," ba ta ƙara ko kalma ba.

Abin da na faɗa wa Fiddausi a yammacin nan, Samson ya ce ba zai buga duka ba, wai hannunsa ba zai iya ba. To ga wanda ya yarda da shi. Na ce da ita kare ma in aka hana shi abu mako ɗaya yana tunawa. Na ce an wanke jaki da sabulu ya koma toka. Na sa ta ɗauko ɗan farin abin daga tire ta riƙe a tafin hannu, na ce ta kalle shi da kyau, aurenta ke nan. Na karɓe wayarta na sa a aljihu. Ta shiga ɗaki, ko tuwo ba ta fito ci ba.

Ni ban iya karatu ba, amma na san inda ake dannawa murya ta fito. Da safe na zaga bayan gida na danna.

"Fiddo, kina ina? Ki ɗauka mana. Gwaggo tun a mota take zancenki." Na danna na biyu. "Wallahi ba abin da kike tsoro ba ne. Ta ce yarinyar da ta manta da kanta don ta ceci mayafin baƙuwa, ita take so a gidanta. Ki daina kuka in kina yi. Baffa zai zo wajen Baba yau."

Ya zo kuwa, wajen ƙarfe goma. Ina zaune a teburin mai shayi na ƙofar gida, mu bakwai, duk tsofaffin ma'aikata, mutanen da suka san ni tun ina ɗaukar fatar sa biyu a kafaɗa ɗaya. Maimakon ya ja ni soro, sai ya zauna a bencin, wai shi mai sauƙin kai. Aka gaisa.

Ya ce, "Malam Ɗahiru, albishir na kawo. Hajiya ta ga yarinya ta yaba ƙwarai. Muna so, in kun amince a sa rana bayan Salla." Ya yi 'yar dariya ya dafa gwiwata. "Sai dai da kun faɗa mana tun farko, da ba a wahalar da ita wajen likita ba. Ai ba abin kunya ba ne 'ya ta riƙe mahaifinta in ƙarfinsa ya ƙare. Shekara shida tana ciyar da gida! Wannan ai abin alfahari ne."

In ƙarfinsa ya ƙare. A gaban mutum shida da mai shayi. Na ga ɗaya ya sunkuya yana juya cokali a kofin da ba komai. Wani ya yi tari. Ba wanda ya kalle ni, kuma wannan ya fi kallon ciwo.

Ku da kuke zagina, ku faɗa min, in na ce na amince a wannan bencin, me na amince da shi? Kullum aka yi suna ko biki a Hotoro, in shiga ana nuna ni da baki, ga tsohon da 'yarsa ke ci da shi, wanda ya yi mana ƙarya muka yafe masa. Ni Ɗahiru a yafe min?

Na ajiye kofina. Na ce, "Malam, kun makara. Yarinya ta ce ba ta yi."

Ya ce, "Ba ta yi kamar yaya?"

"Ta ce in gaya muku ba za ta shiga gidan da ake buɗe bakin mutum ana duba haƙori kamar ragon layya ba. Jiya kwana ta yi tana kuka, ta ce ko sunan ɗanku kada a sake kira mata. Ni kuma ba na yi wa 'yata dole."

"Subhanallahi. Ko za a bari in ji daga bakinta? Ko Hajiya ta dawo ta ba ta haƙuri?"

"Na gaya muku tun farko, a gidana mace ba ta fitowa gaban maza."

Na shiga na ɗauko kayan gaisuwarsu, yadda suka kawo, har ledar ban canza ba, na ajiye masa a kan cinya. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Allah ya sa haka ne ya fi alheri." Ya tashi. Takalminsa mai tsada ya faɗa kwata a bakin lungu, ban ce masa sannu ba.

Na ce da mai shayi ya ƙaro min, da madara.

Wajen azahar wayar ta sake motsi a aljihuna. Na zaga na danna. Muryarsa ta dushe. "Fiddausi, ban yarda ke kika faɗi haka ba. Gobe Litinin zan zo bakin get ɗinku tun ƙarfe bakwai. Zan tsaya har ki fito. In kin faɗa min da bakinki, na haƙura."

Na cire layin na jefa a masai.

Na same ta a ɗakin uwarta, a zaune a ƙasa, har yanzu da atamfar jiya a jikinta, idanu sun kumbura. Jummai tana gefe tana tsince shinkafa.

Na ce, "Baffansa ya zo. Sun karɓi kayansu."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyaɗa kai kawai, kamar wadda aka faɗa wa abin da ta riga ta sani. Can ta ce, "Shi ma... bai ce komai ba?"

"Me zai ce? Ɗan gidan malamai ne, an kama ku da ƙarya. Ki haɗa kayanki. Gobe da asuba za ki bi motar farko zuwa Bichi wajen gwaggonki, ki zauna har surutu ya lafa. Ba zan bari ki je kamfani ana nuna ki ana dariya ba. Ni ubanki ne, ko me kika yi."

Sai ta taso da rarrafe ta zo gabana. Ta dafa ƙafata da hannayen nan masu lalle. Tana magana tana kare baki da gefen mayafi.

"Baba, ku yafe min. Kun yi iya ƙoƙarinku, ni na ɓata. Na kunyata ku a gaban mutane. Don Allah ku yafe min."

Na bar ta a durƙushe kaɗan, don ta san nauyin abin. Sannan na ce, "Na yafe. Tashi." Duk Challawa an san ni, ba na riƙo.

Ta fita haɗa kaya. Jummai ta matso, ta rage murya.

"Malam, in ta tafi, me za mu ci?"

Na ce ta je ta tambayi duk wanda ya san ni ko yunwa ta taɓa kayar da Ɗahiru. Sannan na ce kafin yarinyar ta zuge jakarta, ita Jummai ta leƙa aljihun ciki, ta ga ko akwai kuɗin da ya rage.